Ranar da Kawu Ya Yi Magana a Zauren Dara

Kwanakin baya na raka jikata wata gasar darar Turawa ta yara a nan Paris, wasan da Faransawa ke kira eshek. A ƙofar zaure aka karɓe wayoyinmu aka zuba a kwando, aka nuna wa iyaye da kakanni wani ɗaki can gefe aka ce mu jira. Na leƙa ta gilashi ina neman abin da kunnena ya saba da shi, ban same shi ba. Agogunan yanzu na roba ne, lambobi kawai suke nunawa, ba sa ƙara. A zamaninmu agogon dara na katako ne, mai fuska biyu da maɓalli biyu a ka, kuma idan aka jera su a zaure guda aka yi tsit, sai ka ji kamar yayyafi a kan rufin kwano. Da yarinyar ta fito, ban gama tambayarta yadda aka yi ba ta karɓi wayarta, ta shigar da wasan, na'ura ta nuna mata inda ta kuskure. Yaron da suka buga tare yana tsaye kusa da ita, shi ma kansa a sunkuye a kan tasa wayar. Ba su ce wa juna komai ba. Ban ga laifinsu ba, sun ma fi mu iya wasan nesa ba kusa ba, amma tun daga ranar hankalina ya koma wani tsohon gida a Saint-Fons, unguwar masana'antu da ke gefen Lyon.

Ina saurayi na zo Lyon karatu daga Damagaram. Ni mutum ne mai kunya tun ina yaro, irin wanda a aji zai san amsa ya riƙe ta a baki har wani ya faɗa. Littafi ne abokin hirata. Wurin ƙanin mahaifiyata na sauka, wanda kowa a gidan, har Larabawa da ƴan Mali, yake kira Kawu saboda ni. Yana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun sinadarai da suka jeru a bakin kogi. Gidan na ma'aikata ne waɗanda suka baro iyali a ƙasa: dogon lungu, ɗakuna ƙanana dama da hagu, madafa guda ta kowa da kowa. Da safe jiniyar masana'anta ce ke tashinmu, iska kuma tana da wani wari mai kama da na ashana da aka kashe, wanda bayan ɗan lokaci hancinka ke daina ji, sai ranar da ka shiga gari ka ji shi a rigarka. Aikina shi ne wanke tukwane, da zuwa kasuwa ranar Asabar, da tuƙa tuwon garin alkama, wanda Kawu bai taɓa yarda cewa na iya ba. Kuka da daddawa daga gida suke zuwa a jakar duk wanda ya dawo hutu. A yau yara suna ganin fuskar kakarsu ta Damagaram a waya suna cin abinci. Mu kuwa kaset ake ɗauka. Kawu zai zauna gaban rediyo ya gaida unguwa gida-gida, ya yi wa wannan faɗa, ya yi wa wancan ta'aziyya, sannan ya miƙo mini ya ce in ce wani abu. In ce ina gaida kowa, in yi shiru, kaset yana ta juyawa. Sai ya kashe ya ce, "Uwarka za ta zaci na sayar da harshenka na biya haya."

Ranar Lahadi ta dara ce, irin tamu ta gida. Tun da babu rairayin da za a haƙa gurabe, kwalin ƙwai babba ake kifawa a kan tebur, don gurabensa daidai suke da na dara. Ɓangare ɗaya ƙwallon dabino, ɗayan kuma murafen kwalba. Ƙa'idar kowa ya san ta: idan ka matsa ɗanka ya haɗu da biyu suka yi uku a jere, sai ka miƙa hannu ka ɗauke ɗan abokin wasanka, wanda ka ga dama. Mutanenmu sukan zo har daga Rillieux-la-Pape, can ɗaya gefen Lyon, su cika madafar. Masu wasa biyu ne, amma masu baki sun fi goma. Wannan na cewa ga gida a buɗe, wancan na cewa kada ka saurare shi, ɗan Maradi ne, bai san dara ba sai ciniki. Ana shan shayi, ana buga tebur, ana yi wa wanda aka ci ba'a har ya kai ƙofa. Ni daga gefe nake kallo da littafi a hannu. Wata rana Kawu yana wasa ana matsa masa, ya juyo ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran ɗan boko a wajenmu, ya ce, "Ɗan lakwal, kawunka na shan wuya kana tsaye kamar turke. Idan naka yana wasa ka yi shiru, me ya kawo ka? Ka koma ɗaki mana." Ba wasa yake yi ba. A wurinsa yin shiru a bayan naka rashin zumunci ne.

Cikin wannan gida wani Bature ɗan Ingila ya sauka da jaka guda, a ɗakin da ke kallon nawa. Siriri ne, dogo, yana sunkuyawa kafin ya shiga madafa, don haka Kawu ya sa masa suna Dogo, kuma da shi zan kira shi a nan. Faransancinsa bai wuce na sayen burodi ba. Na same shi wata safiya yana duban takardar da aka manna a jikin murhun gas, ya kasa gane ta. Na daɗe a bayansa ina shirya jimla a zuciya kafin na fassara masa da Ingilishin da na koya a littattafai. Ya yi murmushi ya ce ina magana kamar kakansa. Da wani ne ya faɗa da na koma ɗaki na rufe ƙofa, amma na lura shi ma kunnuwansa sun yi ja. A ranar na gane irinmu ɗaya.

A hankali ya ba ni labarinsa, guntu-guntu, muna wanke kwanuka. A wani ƙaramin gari na arewacin ƙasarsu aka haife shi, inda ya ce ruwan sama ba ya neman izini. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, mai raba wasiƙu ƙofa-ƙofa a kan keke. Yana yaro ya karye a ƙafa, ya kwanta tsawon sanyi guda, mahaifiyarsa ta aro masa littafin dara daga laburaren gari don ya daina damunta. Ba su da allo, sai ya zana ɗaya a bayan kwali, ya yi ƴaƴa da maɓallan riga daga gwangwanin ɗinkinta. Kafin gemu ya fito masa ya gama da duk dattawan kulob ɗin garin, waɗanda ke wasa a ɗaki mai cike da hayaƙin taba. Uban ne ke kai shi, ya tsaya a waje cikin sanyi har a tashi, bai taɓa shiga ba, bai kuma taɓa tambayar wa ya yi nasara ba. Sai ya dubi fuskar yaron kawai, su kama hanya. Dogo ya sami shiga jami'a karatun lissafi, abin da babu wanda ya taɓa yi a danginsu, sannan ya bar ta saboda dara. Ya ce mini ranar da ya faɗa wa uban, mutumin bai yi faɗa ba, ya tashi ne ya fita ya gyara keken da ba abin da ya same shi.

Tun daga nan yake yawo gari-gari a Turai, daga wannan gasa zuwa waccan, a motar haya mafi araha, yana kwana inda ya samu. Wani kulob na Lyon ne ya ba shi wannan ɗaki don ya riƙa buga musu wasa yana koya wa yaransu. Abin da yake nema shi ne muƙami mafi girma a wasan, wanda ake kira babban gwani. Ba jarrabawa ake zaunawa ba. Sai mutum ya shiga gasa mai ƙarfi ya yi abin a zo a gani a gaban waɗanda suka riga shi samu, a rubuta masa shaida, kuma shaida uku ake so. Dogo yana da biyu. Ta ukun ta sha zuwa kusa tana suɓucewa.

Shi ya koya mini wasan, ni kuma na riƙa gyara masa Faransanci. Mukan zauna a ƙarshen teburin madafa da allo da tarin mujallu, yana bin wasannin magabata, ya matsa doki, ya mayar, ya sake matsawa, mu daɗe ba wanda ya ce uffan. A wurinsa na ga wata al'ada da nake jin yanzu tana mutuwa. Idan aka gama wasa a gasa, wanda ya ci da wanda aka ci sukan koma wani ɗaki su sake jera ƴaƴan, su bi wasan daga farko, kowa ya faɗi abin da ya yi tsoro da abin da ya yi niyya. Mutumin da ya yini yana neman kayar da kai shi ne zai nuna maka inda ka yi sakaci. Kawu kan wuce mu da butarsa ya girgiza kai. "Wannan wasa ne ko zaman makoki? Dubi kayan dara masu kyau, har da dawakai, an ba mutanen da ba su da baki." Bai taɓa tsayawa ya tambayi yadda ake yi ba. A ganinsa duk dara dara ce, Turawa sun dai sassaƙa tasu. Amma ya ɗauki Dogo ɗa. Ya ce yaron nan ƙashi ne da riga, ya sa aka riƙa zuba masa tuwo, ya koya masa cin miyar kuka da hannu, da gaisuwa, da cewa na ƙoshi, wadda ya ce kada ya riƙa yawan amfani da ita.

Ana shiga bazara Dogo ya dawo daga ɗakin tarho na bakin titi ya zauna bai buɗe allo ba. Ya ce uban ya samar masa gurbi a gidan waya, aikin tebur, mai fansho. Sun yi magana ta maza: akwai babbar gasa a Paris ƙarshen bazara. Idan ya sami shaidar ta uku, shi ke nan, ya ci gaba da rayuwar da ya zaɓa. Idan bai samu ba, zai tattara ya koma gida ya karɓi aikin, dara ta zama abin yi ranar hutu. Ba uban ne ya tilasta masa ba, shi ya ba da kalmarsa, kuma na san shi, ba zai janye ta ba.

Da na fassara wa Kawu, ya ajiye kofin shayi ya ce, "To ai da mu za a je."

Na ce, "Kawu, can ba a magana fa. Ko tari mutum zai yi sai ya fita."

"Ni yaro ne? Na yi sallar Juma'a kafin a haifi uwarka ta biyu. Na san wurin shiru."

"Ba ni da uwa ta biyu, Kawu."

"To ka ga ma tun yaushe ke nan."

Ya nemi hutu a wurin aiki, ya fito da babbar rigarsa mai ruwan bula daga ƙasan akwati, ya sa na goge ta sau biyu. Dogo ya riga mu tafiya. Mu kuma muka iso ana gobe wasan ƙarshe, muka sauka a Aubervilliers, a gefen Paris, wurin wani ɗan garinmu mai gadin rumbun kaya. A can muka ji yadda ake ciki: Dogo ya yi ƙoƙari duk mako, amma sai ya ci wasan ƙarshe. Kunnen doki ba zai isa ba. Wanda zai kara da shi kuma wani dattijo ne mai gemu daga gabashin Turai, wanda ya zama babban gwani tun Dogo yana wasa da maɓallan riga.

Zauren babba ne, na wata makaranta, tebura a jere, an ja igiya tsakanin masu wasa da ƴan kallo. Muka sami wuri daidai teburin Dogo. Shi ke da farare. Ya ɗago sau ɗaya ya gan mu, ya ɗan sunkuyar da kai ga Kawu, ya koma kan allo. Dole in yi wa Kawu adalci: ya daure. Tun hantsi har rana ta karkata yana tsaye, hannuwa a baya, yana jan carbi ba sauti. Ina jin numfashinsa yana sauyawa duk lokacin da mai gemu ya ɗauke wani ɗa fari. Ni kuwa ina bin wasan da ɗan abin da na sani, kuma na ga Dogo yana matsawa a hankali. Can ya tura wani sojansa, ɗaya daga cikin ƙananan ƴaƴan wasan, gaba, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wasu biyu a tsakiyar allo. Turin yana barazana ga dokin mai gemu. Dogo ya danna agogo, ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa.

Sai na ji murya a gefena, irin wadda ke cika madafar Saint-Fons.

"Dogo, ka yi uku! Ci mana, me kake jira?"

Duk zauren ya ɗago. Mai gemu ya dubi Kawu, ya dubi Dogo, ya sa hannu ya tsayar da agogo, ya ɗaga yatsa. Dogo ya rufe fuska da tafin hannu. Ya sha kallon darar Lahadi, ya gane abin da ya faru, amma shi ake tuhuma, maganarsa ba za ta yi nauyi ba. Alƙaliyar gasar ta taho, wata mata mai furfura da tabarau a rataye a wuya, ta kora mu huɗu zuwa ɗakin da ake bitar wasanni, ta rufe ƙofa. Mai gemu ya yi magana a natse. Ya ce an kira abokin wasansa da wani suna, an gaya masa wani abu da harshen da ba wanda ya sani, a daidai lokacin da wasa ya yi zafi. Bai ce an yi maguɗi ba, ya ce yana son ya san abin da aka faɗa. Alƙaliyar ta bayyana mana cewa idan ta tabbata shawara ce aka ba mai wasa daga waje, tana iya ba mai gemu wasan nan take. Ta tambayi Kawu me ya ce. Kawu yana da Faransancin masana'anta, wanda yake faɗa da shugabanninsa da shi, amma a ranar ya ɓace masa, sai ya dube ni. Ta juyo gare ni.

"Kai kana jin harshen?"

Na gyaɗa kai. A duk ginin ba mai jin Hausa sosai sai ni da Kawu. Ina iya cewa ya ce ƙafarsa ta gaji, ko ya yi addu'a, ba mai ƙaryata ni. Na dubi Dogo, yana kallon ƙasa. Na ce, "Ya ce masa ya ci."

Mai gemu ya buɗe hannuwa. Kowa a ɗakin, ban da Kawu, ya san akwai doki a bakin soja. Alƙaliyar ta sa tabarau, na ga ta fara yanke hukunci a zuciyarta. Ban san inda na samo muryar ba, amma na ji kaina ina cewa, "Madam, don Allah kafin ki yanke, ki jera wasan a wannan allon, ki tambaye shi abin da za a ci, da yadda za a ci shi." Na ci gaba, ina tuntuɓe da kalmomi, na ba ta labarin kwalin ƙwai da ƙwallon dabino, da uku a jere, da yadda a wurinmu ɗan kallo ke da baki, wanda ya yi shiru ma shi ake zargi. Tun da na zo ƙasar ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban Bature ba.

Ta dube ni jim, sannan ta jawo allo. Mai gemu da kansa ya jera ƴaƴan yadda suke, da sauri, ba tare da ya duba takarda ba. Ta kira Kawu "Mushe", wato malam da Faransanci, ta ce, "Nuna mini."

Kawu ya naɗe hannun riga. Ya taɓa sojojin nan uku ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da Faransanci. Bai ko dubi dokin ba. Ya miƙa hannu can ƙarshen allo, ya ɗauke sarkin baƙaƙe, ya ajiye shi gefe. Ya ce mini in gaya mata mutum na iya ɗaukar wanda ya ga dama, amma shi da babban zai fara, kuma yaron nan kunya ce ta yi masa yawa, yana ganin furfurar mutumin ya kasa miƙa hannu.

Na fassara duka. Mai gemu ya ɗauki sarkinsa ya juya shi a hannu, gemunsa yana ɗan motsi. Ya ce, "Na yi shekara da shekaru ina wannan wasa, ba wanda ya gaya mini akwai gajeriyar hanya." Ya mayar da sarkin gurbinsa, ya ce wa alƙaliyar ya janye ƙara, amma ya dubi Dogo ya ƙara da cewa kada ya sa ran sauƙi. Ita kuma ta ce wasa zai ci gaba, mu biyu kuwa mu fita daga ginin, kada ta sake ganin ko inuwar rigar nan.

Muka zauna a wani benci a tsallaken titi. Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na sayo masa burodi da ruwa, bai taɓa ba. Motoci suna wucewa, tattabaru suna kiwo a gabanmu. Can ya ce, "Na zo in tsaya masa, ga shi na rikita masa kai. Idan ya koma raba wasiƙu, ni ne."

Na ce ba a gama ba tukuna.

"Ashe ba a ci da uku?"

"Ba a ci, Kawu."

"To me suke nema tun safe?"

Na yi masa bayani da tsinke a kan ƙurar benci, yadda kowane ɗa ke tafiya, da yadda ake tsare sarki har ya rasa inda zai sa ƙafa. Ya saurara kamar ɗalibi. Ya ce, "Sannan a ɗauke shi?" Na ce ba a taɓa ɗauke shi, a nan wasa ke ƙarewa, a yi musabaha. Ya jinjina kai. Bayan wani lokaci ya dube ni ta gefen ido.

"Me ya hana ka ce mata ƙishirwa na ce ina ji?"

"Ban iya ba, Kawu."

"Haka uwarka take. Ba a aikenta da ƙarya, sai ta dawo da ita." Ya gyara zama. "Amma yau ka yi magana. Ashe akwai harshen."

Muka yi la'asar a wani lungu a kan kwali, muka dawo benci. Mutane suka fara fitowa bibbiyu, wasu na dariya, wasu na tafiya da sauri ba sa duban kowa. Dogo bai fito ba. Ba mu da wanda za mu tambaya, ba mu da izinin leƙawa. A yau da tuni waya ta gaya mana wanda ke gaba tun kafin masu wasan su sani. Mu kuwa ƙofa muke kallo. Sai da inuwar ginin ta kai ƙafafunmu sannan suka fito tare, shi da mai gemu, suna ta zana abubuwa a iska da yatsu. Ashe an daɗe da gamawa, bitar wasa suka tsaya yi. Suka yi musabaha, dattijon ya ɗaga wa Kawu hula daga nesa, ya wuce. Dogo ya tsallako titi a hankali, fuskarsa ba ta nuna komai, rigarsa ta jiƙe a baya. Kawu ya miƙe, hula a hannu. Dogo ya ɗan rusuna kamar yadda aka koya masa, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Kawu, na ci."

Kawu ya koma ya zauna. Ya sa hula, ya cire, ya sake sawa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ba ni burodin nan."

Dokin ma, in ji Dogo, bai samu ba, mai gemu ya janye shi, wasan ya ja har sai da soja ɗaya ya rage tsakaninsu. Amma bai tsaya dogon bayani ba, idonsa na kan ɗakin tarho da ke kusurwar titi. Muka raka shi ya kira ubansa. Ta gilashi muna ganinsa ya sunkuya saboda tsawo, ya yi magana kaɗan, ya yi shiru, ya gyaɗa kai, ya sake yin shiru. Kawu ya ce, "Waɗannan haka za su ƙare, ba wanda ya ce wa wani komai." Ya ja ƙofar, ya karɓe kan tarho daga hannun Dogo, ya kara a kunne ya fara: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyin wajenku, ina labarin uwar gida. Sannan ya tura mini ya ce, "Faɗa masa ɗansa ya zama malamin malamai. Faɗa masa da bakinka, kada ka rage."

Na karɓa. Muryar dattijo ce, a shaƙe, da nisa. Na gabatar da kaina, na faɗa masa ban rage ba. Sai uban ya tambaye ni ko yaron yana cin abinci. Na juya wa Kawu tambayar.

"Ce masa malmala biyu yake tashi da ita, har da suɗi."

Na fassara iyakar iyawata. Na ji wani sauti a layin, ban sani ba ko dariya ce ko tari. Sai mutumin ya ce, "Ban iya gaya masa ba ɗazu. Kai ka gaya masa. Gobe zan je in ce su ba wani gurbin. Kada ya yi gaggawar dawowa."

Dogo yana tsaye a bakin ƙofa yana duban bakina. Na rufe kan tarhon da tafin hannu, na gaya masa da Ingilishina irin na kakansa, kalma bayan kalma. Kawu yana jan hannun rigata yana cewa, "Ni fa? Me ya ce? Ku kun fara shirun naku kuma."